Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Gari Da Kansilolin Ann Arbor: A Sauke Wa Ɗan Haya Nauyin Gadin Doka

Mai girma Magajin Gari, masu girma kansiloli goma na mazaɓu biyar na birnin Ann Arbor da ke jihar Michigan ta Amurka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, muna yi muku sannu da aiki, sannu da ɗawainiyar jama'a.

Masu wannan wasiƙa 'yan haya ne a birninku. Cikinmu akwai ɗaliban Jami'ar Michigan da suka zo daga ƙasashen waje, har da Hausawa 'yan Najeriya da Nijar da Gana, da iyalansu. Akwai kuma ma'aikatan asibiti da na kicin da masu shara, waɗanda tsadar haya ta kora zuwa garin Ypsilanti da ke maƙwabtaka da ku amma kullum a nan suke wuni. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen birnin nan sun haura 123,000, kuma fiye da rabin gidajen da ake zaune cikinsu na haya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa muka ga ya kamata ku ji daga bakinmu.

Mun san inda ikonku ya tsaya. Dokar jihar Michigan ta 1988 ta hana kowane birni ƙayyade kuɗin haya, jami'a kuma ba ta biyan harajin ƙasa da gini, ba ta kuma bin tsarinku na raba filaye. Ba za mu ɓata muku lokaci da roƙon abin da ba ya hannunku ba. Kukanmu a kan abin da yake hannunku ne. Dokokin da kuka yi don kare ɗan haya da mai tafiya a ƙasa suna da kyau, amma yawancinsu ba sa motsi sai wani ya kai ƙorafi, kuma wanda ake jira ya kai shi ne ya fi kowa rauni a cikin lamarin, shi ne kuma ya fi kowa abin da zai rasa idan ya buɗe baki.

Mu fara da sabunta haya. A unguwannin da ke kewaye da jami'a, yawancin yarjejeniyoyi suna farawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, su ƙare bayan shekara. A tsohuwar doka, kwana 70 da fara haya mai gida na iya kawo wasu su duba gidan, ya ma ba su shi na baɗi. Wato wanda ya tare ranar 1 ga Satumba, kafin tsakiyar Nuwamba an tsare shi da tambaya: zai sabunta ko a ba wani? Alhali sanyi bai kankama ba. Bai san ko tagogi suna shigar da iska ba, bai ga takardar kuɗin gas ta Janairu ba, bai san ko zama zai yiwu da waɗanda suka haɗa gida ba. A 2021 kuka gyara, kuka ce ba a nuna gida ko a ba wani sai saura kwana 150 yarjejeniya ta ƙare, wanda ga yawancinmu ya kama ƙarshen Maris. A 2022 kuka ƙara da 'yancin sabuntawa: mai gida ba zai ƙi sabunta wa ɗan haya ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, in kuwa ya ƙi babu dalili, ya biya shi kuɗin ƙaura daidai da hayar wata biyu. Da wasu masu gidaje suka ɓullo da dabarar jerin jira, suna karɓar kuɗi a hannun ɗalibai don a ajiye musu gidan da doka ba ta yarda a bayar ba tukuna, wannan ma kun taka masa birki. Mun gani, mun gode.

To amma ga yadda abin yake a aikace. Tun a Oktoba saƙo zai shigo wayar ɗan haya daga ofishin kamfanin gidaje, ana neman sanin shirinsa na baɗi. Babu kalmar tilas a ciki, sai dai za a sanar da shi cewa masu nema sun yi yawa, kuma farashin da za a ba shi yanzu ba shi za a ba shi a Maris ba. Ɗalibin da ya sauka daga jirgi wata biyu da suka wuce bai san akwai wata doka ba. Wanda ya sani kuma yana lissafi. Ba shi da tarihin biyan bashi a Amurka, ba shi da ɗan ƙasa da zai tsaya masa, don haka shaidar da mai gidan yanzu zai ba mai gida na gaba ita ce kaɗai jarinsa. Ga tsoron duk abin da ya haɗa da kotu, don yana ganin zai iya shafar bizarsa, ko da yake rigimar haya ba laifi ba ce. Gaskiya ne dokar jiha tana ɗaukar korar da ta biyo bayan ƙorafi cikin kwana 90 a matsayin ramuwa, amma wannan kariya sai an riga an maka mutum a kotu take yi masa amfani. Sai ya sa hannu ya yi shiru. Ku kuma a ofis ku ga ƙorafi kaɗan, ku ɗauka doka tana aiki.

Kuɗin ajiya, wato kuɗin da mai gida ke karɓa ya riƙe don biyan ɓarna, ya fi wannan ciwo, domin nan ne ake asarar kuɗi tsaba. Dokar jiha ta 1972 ta tsara abin dalla-dalla. Kuɗin ajiya ba zai wuce hayar wata ɗaya da rabi ba: ɗakin dala 1,200, iyakarsa dala 1,800. Duk hayar da aka tilasta wa mutum ya biya tun kafin lokacinta, ban da ta watan farko, ana lissafa ta cikin wannan iyaka. Amma baƙon da ba shi da mai tsaya masa sau da yawa ana ce masa ya kawo hayar watanni da dama a dunƙule ko ya nemi wani wuri, shi kuwa ya ɗauka haka tsarin ƙasar yake.

Ranar tarewa dole mai gida ya ba ɗan haya takardar lissafin halin da gida yake ciki, kwafi biyu, shi kuma yana da kwana 7 ya cike ya mayar. Kowane ramin ƙusa a bango, kowane tabo a kafet, tsagar gilashin taga, ƙofar firji da ba ta rufuwa da kyau, duk sai an rubuta, in da hali a ɗauki hoto mai kwanan wata. Wanda bai yi ba, a ƙarshen shekara shi za a ɗora wa ɓarnar waɗanda suka riga shi. Kwanakin nan bakwai kuwa su ne kwanakin rajista da buɗe asusun banki da neman makarantar yara, takardar sai ta shige ƙarƙashin tarin wasu takardu.

Ranar tashi agogo ya fi gudu. Ɗan haya yana da kwana 4 kacal ya ba mai gida sabon adireshinsa a rubuce. In ya wuce haka, mai gida ya huta da wajibin aiko masa da lissafin ɓarna. In ya bayar, mai gida yana da kwana 30 ya aiko da jerin abin da ya cire da kuɗin kowanne, tare da ragowar ajiyar. Ɗan haya yana da kwana 7 ya amsa ta gidan waya idan bai yarda ba. Daga nan mai gida ne zai kai ƙara cikin kwana 45 daga ranar tashi idan yana son riƙe kuɗin da ake jayayya a kai, in bai kai ba kuma ya riƙe, ana iya sa shi ya biya ninki biyu. Koɗewar fenti da tsufan kafet da zama na yau da kullum ke kawowa ba sa cikin abin da ake cirewa.

Tsari ne mai adalci ga wanda zai koma Detroit ko Lansing. Amma ku dubi wanda ya kammala karatu a farkon Mayu ya hau jirgi zuwa Kano ko Yamai ko Kumasi. Wasiƙar takarda ba za ta same shi a kan lokaci ba, amsarsa ba za ta dawo a kan lokaci ba, cekin bankin Amurka kuma wahala ne a canza shi a can. Kotun ƙananan ƙararraki ba ta karɓar lauya a madadin mutum. Mai gidan da ba ya tsoron Allah ya san duk wannan, ya san kuma babu mai sayen tikitin jirgi don ya karɓo dala 900. Ofishin lauyoyin jami'a yana taimaka wa ɗaliban da ke da rajista kyauta, aikinsa kuma abin yabo ne, sai dai mai goge dabe a asibiti da mai wanke kwanuka a titin Main ba ɗalibai ba ne.

Sai batun ɗumama gida. Birni yana duba gidajen haya duk bayan wata 30. Wanda ya zo digiri na biyu na shekara biyu yana iya shiga ya fita bai taɓa ganin duba-gari ba. In kuma zagayen ya faɗo a Yuli, injin ɗumama yana kwance, ba a gan shi yana aiki cikin sanyi ba. Tsofaffin gidajen da ke kan titunan Packard da State da Hill da unguwar Kerrytown yawancinsu gidan iyali ɗaya ne aka yanka shi kashi uku ko huɗu, aka bar ma'aunin zafi guda ɗaya a ɗakin ƙasa. Na ƙasa ya ji zafi ya rage, na ƙarƙashin rufi ya kwana da rigar sanyi. Matacin iskar injin idan ya toshe da ƙura, injin yakan yi zafi fiye da kima ya kashe kansa, ya tashi, ya sake mutuwa. A gidajen da ake ɗumamawa da ruwan zafi, iska takan taru a ƙarafan ɗumama na saman bene, ƙasansu da ɗumi samansu sanyi ƙalau, gyaran kuwa ɗan makulli ne da minti biyar in an sami mai zuwa.

Idan ba a zo ba, mutum zai nema wa kansa mafita, nan ne haɗarin yake. Ƙaramin hita na lantarki yana cin wat 1,500, layin wuta na amfiya 15 kuwa iyakarsa wat 1,800. Hita biyu a layi ɗaya, wuta ta yanke. A jona shi da siririyar wayar ƙari, wayar ta yi zafi a ƙarƙashin kafet. Wasu sukan kunna murhun gas su bar ƙofar tanda a buɗe. Wanda ya tashi a inda ake shiga da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu bai san cewa gidan nan a toshe yake ruf ba, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum yana cikin barci. A guguwar ƙanƙara ta Fabrairun 2023, lokacin da unguwanni suka kwashe kwanaki babu wuta, wannan jarabawa ta sami gidaje da yawa. A hutun Disamba kuma akasin haka ke faruwa: ɗalibai su kashe ɗumama gaba ɗaya don su rage kuɗin gas, su yi tafiya. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa bututun da ke jikin bangon waje, ranar da sanyi ya sassauta silin ya zubo. Barin ma'auni a kan digiri 13 na Salshiyas, wato 55 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, da buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo, ya isa ya hana wannan a mafi yawan gidaje. Babu wanda yake gaya wa baƙo.

Hanyar ƙafa ma haka take. Dokarku ta ce a unguwannin zama, dusar ƙanƙarar da ta haura inci ɗaya a kwashe ta cikin awa 24 bayan ta daina zuba, ƙanƙarar da ta daskare kuma a zuba mata gishiri ko yashi cikin awa 18. A wuraren kasuwanci, abin da ya taru kafin ƙarfe 6 na safe a kwashe shi kafin 12 na rana. A unguwannin ɗalibai, masu gidaje da yawa sukan rubuta a yarjejeniya cewa 'yan haya ne za su kwashe, ba tare da sun ajiye shebur ko gishiri ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu gidajen nan babu kowa. Dusar da aka tattake kwana biyu takan zama dutse, shebur ba ya cire ta, gishirin da aka saba zubawa kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai digiri 9 na Salshiyas ƙasa da sifiri. Sai mutane su yi ta ƙara shi a banza, narkewar farko ta kwashe shi zuwa kogin Huron.

Inda ya fi muni shi ne bakin mahaɗar titi. Mai gida zai share gangaren da aka yi don keken guragu, motar birni mai ture dusa ta zo ta tara masa tudu a kai, dare ya daskarar da shi. Gida tara su share, na goma ya bari, to ga mai keken guragu da mai tura keken jariri da tsoho mai sanda duk layin a rufe yake, sai su sauka kan kwalta su haɗa hanya da motoci. Ana ce musu su kai rahoto ta manhajar A2 Fix It. Wanda ya riga ya faɗi ya karye a wuyan hannu, rahoton me zai kai? A unguwar Water Hill, 'yan sa-kai na SnowBuddy sun nuna shekara da shekaru cewa ƙaramar tarakta ɗaya tana share hanyar ƙafar unguwa guda a jere, babu giɓi. Hanyar ƙafa hanyar jama'a ce kamar kwalta, kuma babu wanda ya taɓa cewa kowane mai gida ya share kwaltar ƙofarsa.

Tashoshin bas na cikin wannan. A Agustan 2022 masu zaɓe suka amince da ƙarin haraji don TheRide, hukumar motocin bas ta yankin, an kuma ga amfaninsa a zirga-zirgar titin Washtenaw. Amma ma'aikaciyar da ta fito daga Ypsilanti da asuba, in tudun ƙanƙara ya tare tsakanin ƙofar bas da hanyar ƙafa, cikin titi za ta sauka.

Saboda haka muke roƙonku waɗannan abubuwa.

Ku ɗauki ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne bin diddigin dokar sabunta haya ba tare da jiran ƙorafi ba. Daga Satumba zuwa Maris su riƙa duba tallace-tallacen gidaje, su nemi kamfanoni su nuna kwanan watan da suka aika tayin sabuntawa da kwanan watan da suka sa hannu da sabon ɗan haya. Ku buɗe hanyar kai rahoto wadda ba za a bayyana sunan mai kaiwa ba, ku kuma riƙa wallafa yawan binciken da aka yi da tarar da aka ci kowace shekara, domin Hukumar 'Yan Haya da kuka kafa ta sami abin da za ta auna aiki da shi.

Ɗan littafin haƙƙoƙi da wajiban ɗan haya da doka ta ce a ba kowa yana da amfani, amma yana da tsawo, kuma ana miƙa shi ne cikin tarin takardu. Muna roƙon a ƙara shafi ɗaya tak a gaban kowace yarjejeniya, da manyan haruffa da sauƙin harshe, a fassara shi zuwa harsunan da baƙin garin nan suka fi ji. A rubuta iyakar wata ɗaya da rabi, da kwanakin nan 7 da 4 da 30 da 7 da 45, da ranar da doka ta yarda a fara maganar sabuntawa a wannan gida, da ranar da takardar shaidar duba gidan za ta ƙare, da lambar da za a kira idan ɗumama ta mutu da dare, da gargaɗin murhu da garwashi da bututu. A ciki a bar gurbin da ɗan haya zai rubuta adireshin da za a aika masa kuɗin ajiya tun ranar shiga. Ku kuma rubuta wa wakilanmu a majalisar jiha da ke Lansing cewa lokaci ya yi da dokar 1972 za ta karɓi imel da tura kuɗi ta banki.

Ku ware wani kaso na duba gidaje zuwa watannin Disamba da Janairu da Fabrairu, musamman tsofaffin gidajen da aka yanka, a auna zafin kowane ɗakin kwana injin yana aiki, a danna na'urar gargaɗin hayaƙi da ta kabon monoksaid a ji ƙararsu. Gidan da aka samu da laifin ɗumama a rage masa tazarar wata 30. Ƙorafin rashin ɗumama a tsakiyar sanyi kuma a ɗauke shi na gaggawa, a je a ranar.

A kan dusar ƙanƙara, a gidan haya ku ɗora tarar a kan mai gida ko da me yarjejeniya ta ce, shi ya san yadda zai shirya da 'yan hayarsa. Gangaren mahaɗa da bakin tashar bas da motarku ta toshe, ma'aikatanku su dawo su buɗe. Ku zaɓi hanyoyi kaɗan masu yawan masu tafiya a ƙasa, irin su Packard da Washtenaw da Plymouth, birni ya gwada share hanyar ƙafarsu da kansa na hunturu ɗaya, a fitar da kuɗin da aka kashe kowa ya gani. Gaurayen yashi da gishiri da kuke bayarwa kyauta yana buƙatar mota da bokiti da shebur, ɗalibai da yawa kuwa ba su da ko ɗaya, don haka a ajiye akwatunansa a cikin unguwanninsu.

Jami'a tana da ɗalibai sama da 50,000 a wannan gari, gadaje kusan 2,300 na sabon masaukin ɗalibai da ke filin Elbel kuma ba za su ɗauke matsin ba. Ba za ku iya tilasta mata ba, amma kuna zama da shugabanninta. Ku nemi ta sa hannu a kuɗin ofishin ba 'yan haya shawarar lauya wanda ƙofarsa za ta kasance a buɗe ga ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba, ta kuma sa bayanin haya cikin takardun da take aika wa baƙi tun suna ƙasashensu, kafin su sa hannu a kan gidan da ba su gani ba.

Muna roƙon a sa waɗannan batutuwa a jadawalin zaman majalisa kafin dusar farko ta bana, a kuma ba mu amsa a rubuce kan wanda za ku iya yi yanzu da wanda sai kasafin kuɗi mai zuwa. Za mu zo zaman ranar Litinin a zauren majalisa na ginin Larcom da ke titin Huron, da kwafin yarjejeniyoyi da saƙonnin da aka aiko mana, an goge sunaye, ga duk kansilan da yake son ya gani da idonsa.

Allah ya taimake ku a kan aikin jama'a.

Naku cikin girmamawa,
Wasu 'yan haya mazauna Ann Arbor da Ypsilanti